Shekaruna da Gibli a Gonar Ghuddwa

Kwanan baya wani daga cikinku ya same ni a bakin teburin mai shayi a unguwar Tayuri, nan Sabha, ya ce ya ji ana neman mai kula da doki a wata gona, yana so in kai shi. Na tambaye shi abin da ya sani game da doki. Ya ce, "Baba Isufu, ai ba wani abu ba ne. A ba shi ciyawa, a ba shi ruwa, a kwashe kashi. Ya fi ɗaukar bulo sauƙi." Sauran samarin suka ce gaskiya ne. Ban yi gardama ba a lokacin. Amma tunda da yawanku haka kuke gani, bari in ba ku labarin doki guda da na yi wa hidima shekara goma sha tara, ku auna da kanku.

Daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram na zo Sabha, da niyyar in yi wata uku in wuce arewa kamar kowa. Wata safiya ina tsaye a bakin titi inda ake ɗaukar 'yan aikin yini, sai wata mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya, mai ita ya leƙo ya tambaya wa ya san doki. Na ɗaga hannu. Duk sanin da na yi wa doki shi ne kawuna yana da wata goɗiya da nake kai wa ruwa. Mai motar shi ne Hajj Miftah, gonarsa tana kusa da Ghuddwa. Akwai dabino, akwai tumaki da raƙuma, akwai filin safsafa, ciyawar nan da suke shukawa don dabbobi, sannan akwai barga mai dawaki tara.

Mai kula da bargar wani tsoho ne, Baba Barka. Ɗan Fezzan ne, wato ɗan yankin nan, amma da ƙuruciyarsa ya yi yaron kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, a can ya tsinci Hausa. Ranar farko na zaci ragama zai miƙo mini. Sai ya miƙo mini rariya, ya nuna buhunan sha'ir.

"Tankaɗe," ya ce. "Duka."

Na ce, "Baba, ai sha'ir ɗin tsaf yake."

Ya ɗebi cikin hannu ya zuba a rariyar, ya girgiza a kan farin ƙyalle. Rairayi ya zubo kamar gari. "Wannan shi kashe doki a nan," ya ce. "Ba maciji, ba zafi. Wannan."

Wata guda cur aikina ke nan, tankaɗe da wanke rabin gangar ƙarfe da ake zuba musu abinci a ciki. A ƙasar nan ba a zuba wa doki abinci a ƙasa. Yana ci yana haɗiye rairayi kaɗan-kaɗan, rairayin yana kwanciya a hanjinsa, sai rana ɗaya ka gan shi yana birgima. Ruwa ma akwai ƙa'ida. Dokin da ya dawo kiwo yana gumi ba a sake shi a kan kwami, sai ya huce. Ruwan tiyo da ya sha rana sai an bar shi ya zuba har mai sanyi ya fito. Duk wannan na koya kafin a bar ni in taɓa gezar doki.

Ingarman gonar sunansa Gibli, sunan iskar nan mai zafi da ke tasowa daga kudu. Shekararsa biyar da na zo. Da kun gan shi da ba ku ce komai ba. Bidi ne, gajere, mai ƙaton kai, wuyansa kauri. Masu son dokin ado in sun zo bargar wuce shi suke yi su tsaya kan wasu. Amma shi ne yake bin raƙuma zuwa kwari tun hantsi har la'asar, shi ake hawa a zaga shinge da rijiyoyi. Kofatonsa baƙi ne mai tauri, bai taɓa sanin takalmin ƙarfe ba, kuma ban taɓa ganin ya ɗingisa a kan tsakuwa ba. In ka sauka ka saki linzami ƙasa, inda ka bar shi nan za ka same shi, ko da awa biyu ka yi kana gyaran famfo. Aibinsa ɗaya, ba ya son a zo masa ta hagu ba tare da magana ba. Wanda ya yi shiru ya zo, zai sha cizo a kafaɗa. Ni ma na sha, tabon yana nan.

Kofato na farko da na yanka na wata tsohuwar goɗiya ce. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai lanƙwasa, awartaki, magagari, da ƙugiyar da ake sakace datti da ita. Baba Barka ya nuna mini yadda ake sa ƙafar tsakanin gwiwoyi, bayanka yana duban kan dokin. Na ga abin ba wuya, na zurfafa wuƙar. Jini bai fito ba, amma na kai ga nama. Goɗiyar ta yi kwana goma tana taka ƙafar da ƙyar. Baba Barka bai zage ni ba. Cewa ya yi tunda ni na hana ta zuwa kwami, ni zan riƙa kawo mata ruwan. Kwana goma ina jidar bokiti daga rijiya zuwa barga, sau shida a yini. Daga nan na koyi cewa kofato kaɗan-kaɗan ake ɗauka, ana dubawa, ana ajiye ƙafar a ga yadda ta zauna. Abin da ka bari gobe ka cire. Abin da ka cire sai bayan wata uku ya dawo.

Da sanyi ya fara ja baya ake kawo goɗiyoyi barbara. A nan ake sanin mutane. Wasu daga Sabha suke zuwa, wasu daga gonakin kewaye, wasu daga nesa a bayan kamiyo. Aikin da sassafe ake yi. A fara kawo goɗiyar bayan katanga, Gibli ya sansana ta ta sama. In ta tsaya ta ɗaga wutsiya, ta shirya. In ta kwantar da kunnuwa, a mayar da ita, a jira kwana biyu. Wadda ta shirya ma sai an sa mata dabaibayi a ƙafafun baya, an naɗe wutsiyar da ƙyalle, mutum ɗaya ya riƙe ta, ɗaya ya riƙe ingarman da doguwar ragama. Shuri ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa ya gama da ingarma har abada.

Wani mai kuɗi ya taɓa zuwa da goɗiya mai kyau ƙwarai, ya ce sauri yake yi, a gama yau. Ta kwantar da kunne, har ta kai wa katangar shuri. Baba Barka ya ce ba yau ba. Mutumin ya ɗaga murya, ya ce shi abokin Hajj ne. Baba Barka ya ɗauki ragamar Gibli ya mayar da shi turke, ya ce, "Abokin Hajj kai ne. Goɗiya ba ta sani ba." Mutumin ya tafi da fushi, ya kai ƙara. Hajj ya saurare shi, ya ba shi shayi, ya ce maganar barga ta Barka ce.

Akwai kuma irin su Ammi Salim, maƙwabcinmu, ƙaramin manomi mai amalanke. Goɗiyarsa ramammiya ce, ba wanda zai dube ta sau biyu. Da ƙafa ya jawo ta. Bayan wata goma sha ɗaya ta haifi duƙushi bidi mai ƙaton kai, ya sa masa suna Sabir. Ni na fara sa wa Sabir ragama, ni na fara ɗaga ƙafarsa. Yana shekara uku ya shiga amalanke ba tare da ya fasa ko sanda ɗaya ba.

Haka 'ya'yan Gibli suke fitowa. Launi kan bambanta, tsawo kan bambanta, wani ya ɗauko uwarsa. Amma kofaton nan baƙi da tsayuwar nan in an saki linzami, kusan duka suna da su. Ba su cin tsere. Wanda ya zo neman dokin tsere, Baba Barka yakan gaya masa gaskiya ya nemi wani wurin. Manoma da makiyaya kuwa sun gane. A hankali, daga Ghuddwa har gonakin bakin Sabha, in mutum zai sayar da doki sai ya ce ɗan Gibli ne, ko da ƙarya yake yi. Sau da yawa an zo an ɗauke ni a mota don kawai in duba in faɗa. Ƙafa nake fara ɗagawa, ba fuska nake dubawa ba.

A shekarata ta tara Baba Barka ya rasu, bargar ta dawo hannuna. A lokacin muna da wani ɗan Gibli da muka ajiye don ya gaje shi. Uwarsa doguwa ce, ya ɗauko tsawonta da ƙaramin kanta, ya ɗauko ƙafar ubansa. Fari ne tas, kili. Ni nake kiransa Ƙarami. A duk 'ya'yan, shi kaɗai ne ya haɗa kyau da aiki. Shekara huɗu na yi ina gina shi: ragama, sirdi ba kowa a kai, sirdi da buhu, sannan ni. Ya fara bin raƙuma tare da ubansa.

Sai shekarar da yaƙi ya tsananta a ƙasar nan. Wasunku ba su zo ba tukuna. Hanyar arewa ta toshe, sha'ir ya daina zuwa. Wuta takan ɗauke kwana da kwanaki, ga man gazuwal babu, injin rijiya ya yi shiru. Cikin mako uku filin safsafa ya koma launin ƙasa. Hajj yana ƙasar waje wurin magani, hanya ta rufe a bayansa. Ma'aikatan gonar suka watse ɗaya bayan ɗaya, makiyayin raƙuman ya kora su kudu wurin danginsa. Da na samu Hajj a waya, ana ji ana yankewa, abin da ya ce shi ne, "Ya Isufu, kai kake gani, ni ba na gani. Yi abin da ya dace."

Dawaki bakwai ne a lokacin. Na lissafa ruwan da zan iya ja da guga daga tsohuwar rijiya, na ga na doki biyu ne kawai. Na bi gonakin da ke da ruwa kusa da sama, ina jan goɗiyoyin ɗaya-ɗaya. Ammi Salim ya karɓi biyu, ya ce, "Inda Sabir ya ci za su ci." Sauran ukun wasu manoma suka karɓa. Na bar Gibli da Ƙarami, don ingarma ba ya zama a gidan da bai san shi ba.

Abin da na ba su a watannin nan ba abincin doki ba ne. Dabinon da ya lalace nake cire wa ƙwallo in jiƙa. Busasshen burodi nake tarowa daga gidaje in jiƙa. Ganyen dabino ɗanye nake yankawa ƙanana. Ba ya isa. Doki mai yunwa kuwa duk abin da ya faɗi ƙasa sai ya bi shi da leɓe, har ƙasar yake lasa. Ina gani, ba yadda zan yi, don ba zan ɗaure masa baki yini guda ba.

Wata rana da hantsi na ga Gibli ya ƙi jiƙon, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba. Na kara kunne a cikinsa, na ji ƙara kamar ana zuba tsaba a ƙwarya. Rairayi ne. Likitan dabbobi yana Sabha, ba hanyar zuwa. Na ɗauko man girkin da ya rage mini, na zuba a kwalba mai dogon wuya, na ɗaga kansa kaɗan na riƙa ɗura masa ta gefen baki, a hankali don kada ya shiga huhu. Daga nan sai tafiya. Ba a barinsa ya kwanta, don in ya yi birgima hanji na iya murɗewa, in ya murɗe an gama. Na riƙa zagaya inuwar dabino da shi, yana gumi, yana neman durƙushewa, ina ja ina yi masa magana.

Muna cikin haka, wajen azahar, mota ta shigo gonar da mutum huɗu, duka da bindigogi. Babbansu ya sauko. Ya ce an gaya musu akwai wani shahararren doki a nan, Gibli, shugabansu yana so.

Na ce, "Ga shi nan a hannuna. Ba shi da lafiya."

Ya dubi dokin. Gajere, haƙarƙari a waje, kai a ƙasa, jiki duk ƙura da gumi, mai yana ɗiga daga leɓe. Ya juya ya dubi barga, inda Ƙarami yake tsaye fari sol, ya ɗaga kai yana haniniya.

"Kana raina mini hankali?" ya ce.

Na ce, "Wallahi wannan ne Gibli. Wancan ɗansa ne."

Ya mare ni da bayan hannu. Ya ce duk mu baƙi ɗaya ne, maƙaryata, an ba ni amana ina ɓoye na kirki ina nuna masa mushe. Ya sa mutanensa suka kwance Ƙarami. Ba su san yadda ake sa doki a mota ba, suka fara dukansa. Na ce su dakata. Na ɗaure Gibli a gindin dabino da gajeriyar igiya yadda ba zai kwanta ba, na je na nuna musu su ja motar baya zuwa jikin tudu. Ni na jawo Ƙarami ya hau da ƙafarsa, don kada su karya shi. Na gaya wa wanda ya karɓi ragamar kada a ba shi ruwa yana gumi, kada a zuba masa abinci a ƙasa. Ban sani ba ko ya ji. Suka tafi, na koma na kwance Gibli muka ci gaba da zagaye.

Gab da magariba ya yi kashi. Na ɗiba na zuba a bokitin ruwa na dama, rairayi ya kwanta a ƙasa kusan cikin hannu biyu. Kwana uku yana fitar da shi. A na huɗu ya nemi abinci.

Ƙarami ban sake ganinsa ba. An ce an gan shi a wani biki, an ce an ƙetara da shi iyaka. Sau biyu na bi labari, na tarar wani dokin ne.

Da hanya ta buɗe Hajj ya dawo, na ba shi labarin yadda aka yi. Ya ce, "Kai ka nuna musu farin?"

Na ce, "Na gasken na nuna musu, Hajj. Su suka ƙi."

Ya gyaɗa kai, bai sake tayar da maganar ba. A cikin goɗiyoyi biyar huɗu suka dawo, ɗaya ta mutu a inda na kai ta. Biyun da ke wurin Ammi Salim sun fi Sabir ƙiba da suka dawo, daga nan na san wanda aka rage wa abinci.

Gibli ya ƙara shekara uku yana barbara. Bai sake ba da ɗa kamar Ƙarami ba, amma ya ba da masu aiki da yawa, kuma 'ya'yansa mata sun haifi nasu. Da ya haura ashirin na gaya wa Hajj a dakatar da shi, don ƙafafun bayansa sun fara rawa. Tsufan doki aiki ne na daban. Haƙora sun cinye, sai jiƙaƙƙen dusa da sha'ir da aka dafa. Da sanyi sai bargo. In ya kwanta sai an taimaka masa ya tashi, mutum ɗaya a kai, ɗaya a wutsiya. Ɗan Hajj ya ba da shawarar a sayar da shi tun yana tsaye. Hajj ya ce dokin da ya yi wa gona aiki a gonar yake ƙarewa.

Wata safiya cikin sanyi na zo da bokitin jiƙo na same shi kwance a kan gefensa, ya riga ya sandare. Ba alamar ya yi birgima, rairayin kewayensa lumui yake. Na ajiye bokitin na kira Hajj.

Gawar doki ba a barinta kusa da rijiya, kuma ba ta jira. Mu uku muka haƙa rami a bayan shinge, wajen taku ɗari uku daga barga. Matsalar ita ce kai shi can. Taraktar gonar ta lalace tun kaka, motar Hajj kuwa ba ta shiga wannan rairayin. Na aika wa Ammi Salim. Kafin azahar ya iso da Sabir, wanda shi ma ya fara furfura a fuska. Wani maƙwabcin ya zo da goɗiyarsa, ita ma 'yar Gibli ce.

Doki ba ya son warin gawar ɗan'uwansa, yawanci ba ya yarda ya matso. Muka mirgina Gibli a kan tsohuwar ƙofar ƙarfe, muka rufe shi da tamfol, muka ɗaura igiyoyi biyu. Goɗiyar ta yi huci, ta ja da baya, sai da mai ita ya rufe mata ido da rawaninsa. Sabir ya miƙa wuya ya sansana tamfol ɗin, ya daɗe yana sansanawa. Sannan Ammi Salim ya juya shi, ya ɗaura masa igiyar, ya ce masa ya ja. Suka ja. Sau uku muka tsaya suka huta kafin mu kai bakin ramin. Muka tura shi, muka mayar da ƙasa, muka jera duwatsu saboda karnuka.

Muna dawowa na lura Sabir yana taka ƙafar gaba ta dama a karkace. Na ce wa Ammi Salim ya tsaya. Na ɗaga ƙafar, kofaton ya yi tsawo ta waje, ya fara tsagewa.

"Yaushe rabon a yanke masa?" na tambaya.

Ya ce, "Tun wancan da ka yi."

Na ce ya riƙe mini kansa. Na shiga barga na ɗauko wuƙa da magagari.